Faya-fayan Baba Bawa

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin nan ita ce wata Talata cikin bazara, da Hajiya Kulu, shugabar sashenmu, ta shigo da baƙar leda ta zazzage ta a kan teburina. Faya-fayan waƙa ne, sun kai ashirin, wasu ko riga babu, wasu an rubuta sunan waƙa a bayansu da hannu. Ta ce a aljihun motar ofis ta same su. Sannan ta sa aka kira mata direba.

Bari in yi wa waɗanda ba su riski lokacin ba bayani, don ku 'yan yanzu komai a waya kuka sani. Ba a daɗe ba da gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara saboda niƙan dutsen zinari da ake yi a cikin gidaje. An kwashe ƙasar gidaje, an fitar da injinan niƙa zuwa bayan gari don yara su yi nesa da ƙurar. Mu namu aikin wayar da kai ne. Muna da mota ɗaya da lasifika biyu a kanta, da na'urar faifai guda ɗaya tak. Rikoda muke ce mata, ko da yake faifai take ci ba kaset ba. A faifan ofis akwai saƙo na minti ashirin: kada a kawo dutse gida, mai niƙa ya yi wanka ya sake tufa kafin ya shigo, a wanke wa yara hannu kafin su ci abinci. Ni ne mai kula da kayan sauti, ina mataki na shida. Direbanmu kuwa Baba Bawa ne, dattijo, saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya.

Ranar Litinin, a wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba, rikoda ta kunyata mu. Tana cikin saƙo ta fara in'ina, ta maimaita kalma ɗaya har yara suka ɗauka suna yi mata amshi, daga nan ta yi ɗif. Na buɗe na rufe, na hura, na ɗan bubbuga ta, ko gezau. Muka dawo Anka, na rubuta a rahoto cewa na'ura ta lalace.

To, Hajiya tana da tsohon ciwo game da faya-fayan kasuwa. Shekarar da ta gabata wani ya sa faifan kyauta a kwamfutar ofis, bairos ta shiga ta cinye rahotannin wata uku, sai da Hajiya ta sake rubuta su da hannunta. Tun daga ranar ta kafa doka a rubuce, aka liƙa a bango: kada a sa wani faifai a kayan ofis in ba na ofis ba. Da Baba Bawa ya shigo ya cire takalmi a bakin ƙofa, ta nuna masa teburin.

"Malam Bawa, na waye waɗannan?"

"Nawa na, ranki ya daɗe. Wasu tasha nis saye, wasu kyauta anka ba ni."

"Ka sa su a rikoda?"

Ya ɗan dube ni, ya mayar da kai ƙasa. "An sa su."

Ta juyo gare ni. "Malam Lawali, kana da abin cewa?"

Na ce babu. Wallahi haka na ce. Alhali ni nake miƙa hannu in ce Baba kawo na kalangun nan, ni nake sawa, ni nake ƙara murya. Duk wanda ya yi aikin ƙauye ya san in ka fara da saƙon lafiya, kaji kawai za ka tara. Sai ka sa kiɗa tukuna, yara su fito da gudu, tsofaffi su biyo su, matan aure su kasa kunne ta katanga, sannan ka sauya faifai. A takardar rahoto akwai gurbin yawan mahalarta, kuma nawa adadin ya fi na kowa a ofishin. Da kiɗan Baba Bawa nake cika shi.

Kafin azahar an buga masa takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kwiri. Ka'ida ita ce ka amsa a rubuce cikin kwana uku. In kuma ta uku ce, kwamitin ladabtarwa za a tura ka, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya cika dawowa daga can da aikinsa. Baba Bawa yana da biyu a fayil tun shekarun baya, ɗaya ta ɗaukar fasinja, ɗaya ta makara. Wannan ita ce ta uku, ga shi an haɗa da lalata kayan ofis. Mutum ya yi shekara talatin da uku yana tuƙi, a sallame shi hannu rabbana yana hango ƙofar fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yamma ya same ni a gindin bishiyar da muke ajiye mota, da takardar a ninke. Bai yi boko ba, kuma a al'adar ofis akawu ko wani mai ilimi ke rubuta wa direbobi da masinjoji amsa.

"Lawali, kai za ka rubuta man. Ka ce na yi kuskure, a yi man ahuwa. Kada ka sa sunanka ciki, kai yaro na, gabanka da nisa."

Na karɓa na ce ya bari sai gobe. Ban iya kallon idonsa ba.

Laraba ban tsinana komai ba. Na zauna, na tashi, na fita shan ruwa ya fi sau biyar. Na fara rubuta amsar sau uku ina yagawa. Duk wanda ya turo ƙofa sai gabana ya faɗi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A gida matata ta kawo tuwo na taɓa na ture, ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na daka mata tsawa a kan ba komai. Ina son in ceci dattijon, ba na kuma son in ce ni ne. Can dabara ta zo mini. Idan mai gyara ya tabbatar cewa faifan araha ba ya lalata rikoda, laifin lalata kaya ya faɗi, sai ya rage saɓa doka kawai, wannan kuwa ana iya roƙon Hajiya ta bar shi a gargaɗin baki. Kowa ya tsira, ni ma ba sai na buɗe baki ba. Har na ji daɗin wayona.

Ban kai rikodar wurin masu gyaran Anka ba, don kafin in dawo ofis labari ya riga ni. Alhamis da sassafe na sa hannu a littafin fitar da kaya, na naɗe rikoda a tsumma, na ɗauki faya-fayai uku da suka rage a ƙarƙashin kujerar mota, na hau ta haya zuwa Gummi. Akwai Sama'ila mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, tare muka yi firamare. Motar ta tsaya ɗaukar buhunan albasa, ta tsaya faci, ta tsaya direba ya gaisa da surukinsa. Ni kuwa ina rungume da na'ura a cinya ina ta duba agogo, har wani dattijo a gefena ya ce ko haihuwa ake yi a gida.

Na tarar da Sama'ila da layin mutane uku. Na tsaya a kansa ina ƙafa-ƙafa har ya gaji ya sallame su. Na zayyana masa komai, sai dai ban faɗa masa wanda ke sa faifan ba. Ya ɗauki faya-fayan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su a rana, ya duba tsakiyarsu, ya sa su a tasa na'urar. Duka ukun suka yi waƙa tiryan-tiryan.

"Hajiyarku ta haɗa abu biyu," in ji shi. "Kwamfuta daban, wagga daban. Kwamfuta tana da ciki, in anka ɓoye mugun abu a faifai tana iya haɗiye shi ya zauna. Wagga ba ta da wurin ajiya, karantawa kawai takai. Abin da faifan banza ka iya yi mata sananne na. In ya tsage a tsakiya yana iya hwashewa ciki. In an liƙa mai takarda, zahi na iya ɓanɓaro ta ta maƙale. In bugun bai yi kyau ba, yana wahal da idon na'ura. Wanga duk ba ko ɗaya."

Na ji wani sanyi a raina. Na ce ya rubuta mini haka a takarda ya buga hatiminsa.

"Bari in ga abin da ya kashe ta tukun."

Ya kwance kusoshi huɗu ya ɗaga murfin. Ni na matso zan hura, kamar yadda na saba, sai ya tare ni da gwiwar hannu har na yi baya.

"Kada ka hura."

Cikin na'urar duk ya yi fari-fari da wani gari mai laushi, ya kwanta a kan komai, ya rufe ɗan gilashin da ke karanta faifai, wanda suke kira ido. Sama'ila ya jiƙa tsumma ya dangwala, ya duba, ya ce wannan ba ƙurar hanya ba ce. Ya ce masu aikin zinari suna kawo masa rediyo da waya kullum, ya san garin dutse in ya gan shi. Ya tashi ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, sannan ya dawo ya zauna.

"Lawali, ina kaka aje ta in kun tahi ƙauye?"

Ka'idar ofis ita ce a yi taro a ƙofar gidan mai gari, a ja wuta daga batirin mota. Amma batirin ya tsufa, kuma na rubuta neman sabo sau biyu ba amsa. Wata rana lasifika ta shanye shi, sai da samarin gari suka tura mu suna yi mana dariya. Daga nan na samo hanya. A ƙauyen janareto ɗaya ne, na rumfar da masu niƙan dutse ke cajin waya, a bayan gari, daf da injina. Na roƙi mai rumfar, ya yarda. Da la'asar suna kashe injina su yi salla su huta, mu kuma mu jona wayarmu. Wayar ba ta fi taku goma sha biyar ba. Don haka a nan nake shimfiɗa buhu in ɗora rikoda, a nan nake sa kalangu, a nan yara ke zuwa su yi rawa ba takalmi, ƙura na tashi har sai na rufe hanci da hula. In an gama rawa in ce su zauna a ƙasa su saurari saƙo. Ranar farko Baba Bawa ya ce mini, "Lawali, wurin ga bai yi ba." Na ce masa awa ɗaya ce kawai, ya bar wa masu ilimi aikinsu.

Na faɗa wa Sama'ila duka. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dubi cikin na'urar ya ce, "Wagga da murhi gare ta, ga abin da tas sha. Ɗiyan mutane fa?"

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ya share ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya goge idon, ta tashi tana waƙa kamar ba ita ba. Ya rubuta takardar da na nema, amma ya ƙara layi ɗaya: garin dutse ne ya rufe idon na'ura. Na ce ya cire wannan layin, ya bar na faifai kawai. Ya ce shi ba ya buga hatimi a kan rabin magana, in ina so in yaga da hannuna.

A hanyar dawowa na fito da takardar ya fi sau goma. Layin yana can ƙasa, da reza ɗaya za a yanke shi ba wanda zai sani. Amma na san Hajiya. Za ta karanta ta ce, to in ba faifai ba ne, mene ne? In ba amsa, za ta koma kan abin da ta riƙe, kwiri ta wuce zuwa kwamiti. Ba abin da zai fitar da Baba Bawa sai ainihin dalilin, ainihin dalilin kuwa ni ne. Ga kuma abin da ya fi wannan, wanda nake ta ture shi gefe yana dawowa: Litinin mai zuwa akwai taro a ƙauyen, kuma yaran sun riga sun san wurin, tun kafin mu iso suke zuwa su jira mu. Na ji tsoro, na ji kunya, na kuma ji haushin Sama'ila, wanda bai yi mini komai ba sai gaskiya.

Juma'a ƙarfe takwas na shiga ofishin Hajiya. Na ajiye rikoda, na ajiye takardar Sama'ila ba yanka, na ajiye kwirin Baba Bawa da ban amsa ba. Na ce ni nake sa faya-fayan, kuma ba su suka kashe na'ura ba. Na faɗa mata inda nake taro. Ta cire tabarau ta ajiye. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Sau nawa?"

"Tun bayan girbi, ranki ya daɗe. Duk Litinin."

"Kuma a rahoto ka rubuta me a wurin taro?"

"Sunan gari kawai."

Sannan ta ce ita ma ta ga takardun neman batir ta ajiye su a ƙarƙashin wasu, wannan nata ne, za ta faɗa wa manyanmu da bakinta. Ta ɗauki kwirin Baba Bawa ta ja layi biyu a kai ta sa hannu, ta ce a cire ta daga fayil. Ta kira mai buga takardu ta ce a buga wata da sunana. Daga nan ta ce abin da ban zata ba.

"Litinin za ka koma tare da masu ɗibar jini. Ba kiɗa, ba faifai. Kai za ka tsaya a ƙofar mai gari ka faɗa musu da bakinka waɗanne yara za a kawo, da dalili."

Haka aka yi. Baba Bawa ya tuƙa mu, a hanya ya miƙo mini goro. Da muka iso, yara na can bayan gari suna jira, sai da aka aika aka koro su. Na tsaya gaban mai gari da dattawa da tsofaffin mata, na ce duk yaron da ya saba zuwa taronmu a kawo shi a gwada jininsa, domin wurin da na tara su wuri ne mai guba, kuma ni na zaɓe shi. Wasu maza suka fara gunaguni, mai gari ya ɗaga hannu suka yi shiru.

Wata tsohuwa ta matso riƙe da hannun jikarta, yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar, sunanta Hassi. Na san ta sarai, ita ta fi kowa rawa, ita nake nunawa in ce a tafa mata.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "ba kai kac ce su matso gaba su ji da kyau ba?"

"Ni ne, Inna."

"Mu mun hana su zuwa wurin injin. Har bugu muna yi. Da munka ga motar lahiya can, munka ce ashe an gyara wurin."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja yarinyar suka shiga layi.

Kwamiti ya tsayar mini da ƙarin girma, aka mayar da ni sito shekara biyu ina ƙirga gidan sauro. Ban ɗaukaka ƙara ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An sayi batir a makon. An gyara dokar bango, aka bar hani a kan kwamfuta, aka yarda da kiɗa a rikoda in faifan bai tsage ba. An kuma ƙara gurbi a takardar rahoto, wanda kuke cikawa yanzu kuna tsaki: ainihin wurin da aka tara mutane, da nisansa daga wurin niƙa. Baba Bawa ya yi ritaya a kan lokacinsa, da takardar yabo, ya koma gonarsa.

Abin da na koya shi ne, a ofis in abu ya lalace, ido ya fi saurin sauka a kan kaya mai araha da mutum mai ƙaramin mataki, kuma mai laifin gaske yakan samu wurin ɓuya a bayansu in ya iya shiru. Na kuma koyi cewa mutanen ƙauye ba saƙonmu kawai suke saurara ba, suna kallon inda muka tsaya da motar. In kun je gari, kafin ku jona waya, ku dubi ƙasar da yara za su zauna a kai.

Hassi tana cikin waɗanda aka ɗora a kan magani. Ta rayu, ta girma, amma karatu ya ƙi zama a kanta, an ce sai a faɗa mata abu sau uku. Na taɓa tare likitan da ya duba su na tambaye shi ko daga tarona ne, ko tun ƙurar cikin gida ce ta farko. Ya ce jini ba ya nuna inda dalma ta shigo. Na sake tambayarsa bayan shekara, ko an samu wani gwaji. Ya ce babu.